Bayan na maido da bakof na PostgreSQL izinin fankshan ɗin ekstenshan duk ya ɓace, me na yi ba daidai ba?

dan_kwamfuta88 ya rubuta:

Salam ƴan'uwa, dan Allah masu aiki da PostgreSQL ku taimaka min da wannan don tun jiya kaina ke ɗaukar zafi. Mun tashi daga tsohuwar saba mai PostgreSQL 11 zuwa sabuwa mai 15, na yi pg_dump a tsohuwar na kai fayil ɗin sabuwar na yi pg_restore, tebura duk sun dawo, na ƙirga layuka sun yi daidai, manhajarmu ma ta tashi lafiya lau har na ce alhamdulillah an gama. To da safe sai ga saƙo daga wanda ke kula da sa ido a kan saba, wai aikinsa na kowane dare da ke share ƙididdigar pg_stat_statements (ekstenshan ne, wato ƙarin kayan aiki da ake girka wa PostgreSQL, mai tara ƙididdigar umarnin SQL da ake gudanarwa) ya faɗi, era ɗin da ya fito shi ne permission denied for function pg_stat_statements_reset, alhali ni da hannuna na ba rol ɗinsa, wato asusun da yake shiga da shi, mai suna sa_ido izinin wannan fankshan a tsohuwar saba tun tuni.

Wannan bai ma dame ni sosai ba don GRANT ɗaya ne zai gyara shi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da na zo dubawa sai na ga dblink, ekstenshan ɗin da ke ba mutum damar haɗuwa da wani databes daga cikin wanda yake. A tsohuwar saba mun cire wa PUBLIC, wato kowa da kowa, izinin dblink da dblink_exec da dblink_connect gaba ɗaya, rol guda ɗaya tak mai suna mai_haɗi muka bari yana kiransu. Yanzu na shiga da wani ƙaramin rol na masu duba rahoto kawai, wanda ko rubutu a tebur ba ya iya yi, na kira dblink_connect sai na ga bai hana ni ba wlh. Wato ƙofar da muka rufe shekaru ta koma a buɗe kuma ba wani era da ya fito ya gaya min.

Izinin da ke kan teburanmu da fankshan ɗin da muka rubuta da kanmu duk sun dawo daidai, na ekstenshan ne kawai suka yi ɓatan dabo. Shin haka pg_dump yake dama, ko ni ne na tsallake wani abu? Kuma ya ake yi a tabbatar sun biyo bakof?

---

Mai_Saba ya rubuta:

Wa alaikumussalam. Haka yake malam, pg_dump ba ya ɗaukar abin da ke cikin ekstenshan ko kaɗan, layi ɗaya kawai yake rubutawa na CREATE EXTENSION IF NOT EXISTS, shi kenan, sai sabuwar saba ta gina fankshan ɗin daga fayilolin ekstenshan da ke kanta. To tunda sabbi fil ne aka gina su da izininsu na asali za su zo, kuma a PostgreSQL asalin kowane fankshan shi ne PUBLIC na iya kiransa sai in an hana. Shi ya sa dblink ya buɗe. Ni dai abin da nake yi tun da daɗewa ina da fayil ɗin SQL da na tara duk GRANT da REVOKE a ciki, bayan kowane maidowa sai in gudanar da shi. Ba wata hanya bayan wannan.

---

uwar_bayanai ta rubuta:

Mai_Saba rabin maganarka gaskiya ce amma ɗaya rabin ta tsufa, ka yi haƙuri. Gaskiya ne pg_dump ba ya rubuta CREATE FUNCTION na abin da ke cikin ekstenshan, haka yake tun da aka shigo da tsarin ekstenshan a 9.1 a 2011. Amma zancen izini an gyara shi a 9.6 da ta fito a 2016. A nan ne aka ƙara wani teburin tsarin da ake kira pg_init_privs, aikinsa shi ne ya riƙe izinin da abu ya fara rayuwa da shi, ko dai daga initdb ko daga sikirif ɗin ekstenshan lokacin da ake girka shi, shi ya sa za ka ga privtype a ciki ko i ko e. To idan pg_dump ya zo sai ya kwatanta izinin da ke kan fankshan yanzu da wancan na farko, in akwai bambanci sai ya rubuta bambancin kawai a matsayin REVOKE da GRANT bayan layin CREATE EXTENSION. Kafin 9.6 ne babu wannan, kuma ko da sabon pg_dump ka haɗa da saba wadda ba ta kai 9.6 ba, ba zai ɗauko su ba tunda teburin babu shi a can.

Shi kuma dan_kwamfuta88 daga 11 ya taso, ke nan ya kamata a ce sun biyo shi. Tunda ba su biyo ba akwai abin da ya tare su a hanya. Ɗan'uwa manna mana ainihin umarnin da ka buga na pg_dump da na pg_restore harafi da harafi, kar ka taƙaita. Sannan ka buga wannan ka gaya mana me ya fito:

pg_restore -l ajiya.dump | grep ACL

ACL shi ne jerin izini, to idan izinin suna cikin fayil ɗin za ka ga layi mai kama da ACL public FUNCTION dblink_exec(text, text). In ka ga layin to matsalar a wajen maidowa take, in babu shi to tun wajen ɗauka aka bar su.

---

dan_kwamfuta88 ya rubuta:

Na gode Hajiya. Ga su nan:

pg_dump -Fc -n public -n asusu -f ajiya.dump kasuwanci

pg_restore -d kasuwanci --no-owner ajiya.dump

Na sa -n ne saboda akwai wata skima, wato rukunin tebura da fankshan a cikin databes, ta gwaje-gwaje mai suna gwaji mai girman gaske da ba ma buƙata, na ce gara in zaɓi biyun da muke so kawai. Kuma yanzu da kika tambaya na tuna, da na fara maidowa ya yi ta kuka wai wasu fankshan babu su, sai na shiga da psql na buga CREATE EXTENSION na dblink da pg_stat_statements da pgcrypto da hannu, na goge databes ɗin na sake daga farko da su a ciki, sai ya wuce. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

Na buga grep ɗin, ACL na tebura da na fankshan ɗinmu suna nan da yawa amma ko ɗaya babu na dblink ko pg_stat_statements.

---

uwar_bayanai ta rubuta:

To ai ga ɓarawon nan mun kama, -n ɗin ne. Abin da ke rikita mutane shi ne fankshan ɗin dblink suna zaune a cikin public, to sai mutum ya ɗauka in ya ce a ɗauko public har da su za a haɗo. Amma shi ekstenshan ɗin kansa ba ɗan wata skima ba ne, na databes ɗin ne gaba ɗaya, kayansa ne kawai yake ajiyewa a skima. Da zarar ka sa -n ko -t, pg_dump ya daina ɗaukar ekstenshan, kuma in bai ɗauki ekstenshan ba ba zai ɗauki izinin ƴaƴansa ba. Kukan da ya yi maka a karon farko alamar ke nan yake ba ka cewa babu CREATE EXTENSION a cikin fayil ɗin, kai kuma ka toshe ramin da hannu, wanda ya dawo da fankshan ɗin amma bai dawo da wa ke da izini a kansu ba.

Ka lura da yadda abin ya rabu biyu don a nan darasin yake. pg_stat_statements_reset sikirif ɗin ekstenshan ɗin da kansa yake cire wa PUBLIC izini, to asalinsa a rufe yake, da GRANT ɗinka ya ɓace sai ya koma a rufe, sai ya yi ihu kowa ya ji. Shi kuwa dblink asalinsa a buɗe yake banda dblink_connect_u da suka rufe tun daga gida, da REVOKE ɗinka ya ɓace sai ya koma a buɗe, kuma buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta ƙara. Da a ce aikin daren nan bai faɗi ba da sai ku yi watanni ba wanda ya leƙa. Kafin komai je ka rufe dblink yanzun nan da hannu tukuna sai mu yi maganar gyaran bakof.

Mafita biyu ce. Ta farko kuma wadda na fi so, ka juya tunanin, maimakon ka zaɓi abin da kake so ka cire abin da ba ka so:

pg_dump -Fc -N gwaji -f ajiya.dump kasuwanci

Babban N na cirewa ne, shi ba ya hana ekstenshan biyowa. Ta biyu, tun daga PostgreSQL 14 pg_dump ya samu -e wato --extension, za ka iya haɗa shi da -n ka ambaci kowane ekstenshan da sunansa. Tana aiki amma matsalarta duk ranar da wani ya girka sabon ekstenshan ya manta bai ƙara a sikirif ɗin bakof ba kun koma gidan jiya. Kuma ka yi amfani da pg_dump na 15 wajen ɗauka daga 11 ɗin, haka ake so dama, sabon ya ɗauko daga tsohon.

Ita --no-owner ba ita ta jawo ba, mallaka kawai take tsallakewa. Wadda ke zubar da izini ita ce -x ko --no-privileges ko --no-acl, duk abu ɗaya ne, kuma ina yawan ganin mutane suna kwafo ta daga intanet tare da --no-owner kamar tagwaye ba tare da sun san me take yi ba.

---

Mai_Saba ya rubuta:

Tabɗi, ashe an bar ni a baya. Ni tun zamanin 9.4 na ƙone a kan wannan na rubuta fayil ɗina ban sake waiwaya ba. Na gode da gyara Hajiya, yanzu na gwada a wata saba ta gwaji na ga REVOKE ALL ON FUNCTION ɗin ya fito a cikin dump ɗin kuwa. Amma duk da haka ba zan jefar da fayil ɗin ba gsky.

---

dan_kwamfuta88 ya rubuta:

Na rufe dblink tun ɗazu. Na sake ɗauka da -N na maido a wata sabar gwaji daban mai 15 don in gani da idona, yanzu layukan ACL na dblink sun fito a jerin. Amma a ƙarshe ya rubuta errors ignored on restore: 9, da na hau sama na duba sai na ga iri biyu ne. Takwas suna cewa role "mai_haɗi" does not exist, ɗaya kuma yana cewa function public.pg_stat_statements_reset() does not exist. Na farkon na gane, sabar gwajin sabuwa ce ban ƙirƙiri rol ba. Na biyun ne ban gane ba, ga fankshan ɗin ina ganinsa da \df amma yana ce min babu?

---

tsohon_DBA ya rubuta:

Bari in sa baki a nan don wannan na biyun ya taɓa cin min rabin yini. Duba \df ɗin da kyau, ka kalli wajen da ake jera abin da fankshan ke karɓa. A 11 pg_stat_statements_reset ba ya karɓar komai, baka biyu ne wayam. Daga PostgreSQL 12, wato siga ta 1.7 ta ekstenshan ɗin, sai aka mayar da shi mai karɓar abu uku, userid da dbid da queryid, kowanne in ba ka ba shi ƙima ba sifili yake ɗauka, shi ya sa har yanzu in ka kira shi wayam yana aiki kamar da ba ka lura an canza komai ba. Amma GRANT ba ya duba wannan, shi suna da jerin nau'in abin da ake karɓa yake nema daidai wa daida, to a wurinsa reset() da reset(oid, oid, bigint) mutum biyu ne daban. Kuma layin CREATE EXTENSION da pg_dump ke rubutawa ba ya faɗin siga, duk wadda take ta asali a sabuwar saba ita za a girka, ka ga an girka sabuwa sannan aka zo ana neman ba da izini a kan tsohon fankshan da babu shi. A 15 abin da za ka buga shi ne:

GRANT EXECUTE ON FUNCTION pg_stat_statements_reset(oid, oid, bigint) TO sa_ido;

Kuma ka shirya don a 17 sun sake ƙara na huɗu, minmax_only, to ranar da za ku hau can zai sake faɗuwa a wuri ɗaya. Ko ba bakof ma, ALTER EXTENSION UPDATE kaɗai yana iya cinye maka izini idan sikirif ɗin sabuntawar ya goge fankshan ya sake gina shi, wanda shi ne ainihin abin da ya faru daga 1.6 zuwa 1.7. A nan ne nake ganin fayil ɗin Mai_Saba yana da amfaninsa har gobe, pg_dump ba zai iya yi maka hasashen sabon suna ba.

Ni dabarar da na koma yi ga irin wannan ita ce ba na ba da izini kai tsaye a kan fankshan ɗin ekstenshan in dai zan iya kaucewa. Sai in rubuta nawa ƙaramin fankshan a skimata, in sa masa SECURITY DEFINER, aikinsa kawai ya kira na ekstenshan ɗin, in cire wa PUBLIC in ba rol ɗin da ke buƙata. Shi nawa ne, pg_dump na ɗaukarsa da izininsa kamar kowane fankshan, kuma ko sun ƙara abu na biyar kiran wayam zai ci gaba da aiki. Sai dai dole ka sa SET search_path a jikinsa ka kuma rubuta cikakken suna da skima, in ba haka ba ka buɗe wata ƙofar da ta fi wadda kake rufewa haɗari, don da ikon mai shi yake gudana. Wannan dabarar GRANT kawai take magancewa, ba ta taɓa zancen REVOKE na dblink ba, shi dole sai a kan ainihin fankshan ɗin.

Zancen rol kuma kar ka ɗauke shi da wasa duk da ka ce ka gane. Rol ba a cikin databes ɗaya yake zaune ba, na dukkan sabar ne, shi ya sa pg_dump ba ya ɗaukarsa ko da wane harafi ka ƙara. Sai pg_dumpall -g, ka loda shi da psql tun kafin pg_restore. Ka kula da fayil ɗin don yana ɗauke da kalmomin sirri a murɗe, in ba ka so su fito akwai --no-role-passwords. Dalilin da ya sa na ce kar ka raina shi, REVOKE da GRANT na fankshan ɗaya a shigarwa ɗaya suke a cikin fayil ɗin, to in GRANT ya faɗi saboda babu rol kar ka zauna kana zaton REVOKE ɗin ya zauna, je ka duba da idonka. Kuma ka daina barin pg_restore yana wuce era yana tafiya, haka ɗabi'arsa take in ba ka hana shi ba, sa --exit-on-error ko --single-transaction. In fayil ɗin SQL ne zalla kake lodawa da psql to -v ON_ERROR_STOP=1.

---

uwar_bayanai ta rubuta:

Yallabai tsohon_DBA ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara wanda ko --exit-on-error ba ya kamawa, don na ga ka ambaci pgcrypto. Daga 13 an shigo da amintattun ekstenshan, waɗanda wanda ba sufayuza ba zai iya girkawa in dai yana da CREATE a kan databes ɗin, pgcrypto na cikinsu, dblink da pg_stat_statements ba sa ciki. To idan ƙaramin rol ya girka irin wannan, ekstenshan ɗin nasa ne amma fankshan ɗin da ke ciki mallakar babban sufayuza na farko ne. In da wannan ƙaramin rol ɗin kake maidowa sai a zo kan REVOKE ya zama ba shi da hurumin cirewa, kuma abin da saba za ta ce shi ne WARNING: no privileges could be revoked, gargaɗi ne kawai ba era ba, aikin zai wuce ya kammala kamar komai lafiya alhali PUBLIC na nan da izininsa. Na taɓa ganin wannan a wani aiki da aka ba mu rol mara cikakken iko, sai da muka zo kwatantawa muka gane.

Shi ya sa ni ba na yarda da shirun pg_restore, kwatantawa nake yi. Ka ajiye wannan a fayil ka gudanar a tsohuwa da sabuwa da psql -At, sai ka yi diff:

SELECT e.extname, p.oid::regprocedure::text, p.proacl
FROM pg_depend d
JOIN pg_extension e ON e.oid = d.refobjid
JOIN pg_proc p ON p.oid = d.objid
WHERE d.refclassid = 'pg_extension'::regclass
AND d.classid = 'pg_proc'::regclass
AND d.deptype = 'e'
ORDER BY 1, 2;

Wajen karantawa ka yi hattara, in ka ga proacl babu komai ba wai ba wanda ke da izini ba ne, akasin haka ne, yana nufin ba a taɓa shi ba yana kan asali wato kowa na iya kira. In ka ga =X/postgres ba suna kafin alamar daidai, PUBLIC ke nan. mai_haɗi=X/postgres kuma shi ne rol ɗinka, sunan bayan sandar na wanda ya ba da izinin ne. Tunda sigogin sun bambanta za ka ga wasu layuka sababbi a 15 da babu su a 11, su ma ka tsaya ka karanta su don sabon fankshan da aka ƙara ba ya cikin REVOKE ɗinka na da. In kana son amsa kai tsaye kan rol ɗaya kuma has_function_privilege('mai_rahoto', 'dblink_exec(text,text)', 'execute') zai ba ka t ko f.

---

dan_kwamfuta88 ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na goge sabar gwajin na sake, na fara loda pg_dumpall -g, na ƙirƙiri databes daga template0, sannan na fitar da jerin da pg_restore -l na sa alamar ; a gaban layin ACL na reset ɗin don a tsallake shi, na mayar da jerin da -L tare da --exit-on-error, ya wuce har ƙarshe ba tsayawa, na ba da GRANT ɗin mai oid, oid, bigint da hannu. Diff ɗin Hajiya kuma ya tono min wani abu da ban ma sani ba, a ainihin sabar da muke aiki da ita na rufe dblink_exec(text, text) da safe amma ashe akwai wasu masu suna ɗaya, dblink_exec(text) da masu boolean a ƙarshe, duk suna nan a buɗe na bar su, yanzu na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe, has_function_privilege na ba ni f a kan dukkansu ga rol ɗin rahoto.

Tambaya ta ƙarshe yallabai tsohon_DBA, bakof ɗinmu na kullum da pg_basebackup muke yi ba pg_dump ba, shi ma sai na bi shi da wannan binciken?

---

tsohon_DBA ya rubuta:

Shi pg_basebackup fayilolin sabar yake kwafewa dungurungum har da teburan tsarin da rol da komai, to izinin na dawowa yadda yake ba abin da ake sake ginawa, sai dai a kan babbar siga iri ɗaya kawai yake tashi, bakof ɗin 11 ba zai tashi a 15 ba. Abin lura kawai fayilolin ekstenshan ɗin kansu ba a cikin kundin bayanan suke ba, to sabar da za ka maido a kanta dole a girka mata su tukuna, musamman pg_stat_statements da ke cikin shared_preload_libraries, in babu fayil ɗinsa saba ba za ta ma tashi ba. Binciken kuma minti ɗaya ne, ni na saka shi cikin sikirif ɗin da ke gwada maidowa, in diff ya fito da ko layi ɗaya sai ya turo min saƙo.